Zaren Hagu a Babur ɗin Malam

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan wannan takarda ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, ka sami masauki, ka sa wani abu a cikinka. Allah ya tsare ka a hanya da bayan hanya, ya haɗa ka da maigida mai tsoronsa, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a jakarka, da ɗan ƙunshin tsumma mai nauyi da ke tare da ita. Ƙanwarka Bilki na sa ta cusa su a ƙarƙashin kayanka, na ce in ta faɗa maka ni da ita ne. Kada ka kwance ƙunshin tukuna, ka fara karantawa. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma ka ci sunan surukina, kunya ta zama biyu. Ban taɓa kiran sunanka ba. Shekara shida muna rumfa ɗaya muna gyaran babura, amma in aka tara maganar da na yi maka, ba za ta wuce "miƙo sifana" da "ka yi salla?" ba. Ko a tasha, na san abin da zan iya ce maka bai wuce "Allah ya kiyaye hanya" ba. Shi ya sa na nemi biro.

Maganar a kan babur ɗin kakanka ce, mahaifin Ummanku, baƙin nan da ke jingine a zaure wanda ya bar maka wasiyya. A gefensa nake zaune yanzu, bayan la'asar. Sau nawa ka roƙe ni in bar ka ka gyara agogon gudunsa? Allurar ta kwanta tun kafin a haife ka, lambobin da ke ƙasanta kuwa ka haddace su tun kafin ka haddace Ƙulhuwallahu. Kullum sai in ce maka a bar shi yadda Malam ya bar shi, kai kuma ka ɗauka girmamawa ce. Tsoro ne. Na san ranar da ka kwance wilin gaba, idonka na makanike zai karanta abin da ke ciki kafin ka ajiye sifana. Har yanzu da nake riƙe da biron nan, abin da nake tsoro shi ne irin kallon da za ka yi mini bayan ka sani.

Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin. Wata biyar ke nan da Baba Ɗanjuma, maigidan da ya koya mini aiki, ya yaye ni, na kafa rumfata a bakin tasha nan Gaya, rumfa uku ce tsakanina da tasa. Mutane suna cewa hannuna yana da sauri, ni kuma ina jin daɗin ji, har na fara tafiya ina karkaɗa makulli a yatsa. A lokacin nake neman mahaifiyarka. Manya sun kai gaisuwa Balan, ƙauyensu, amma Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a bar shi ya duba.

Ran nan da hantsi sai ga shi ya tsaya a gaban rumfata a kan baƙin babur ɗin. Ko a wancan zamani tsohon babur ne, a hannun wani malamin gona da ya yi ritaya ya saye shi, babur ɗin ma ya girme ni. Da shi Malam yake zuwa Islamiyya nan Gaya daga Balan, da shi yake zuwa Ajingi ranar kasuwa ya karantar da 'yan kasuwa bayan azahar. Yana son agogon nan ƙwarai. Ba ya bari allura ta wuce arba'in, kuma da lambobin yake sanin lokacin juyen mai. Yakan ce ya kamata mutum ya san gudunsa.

Ya zaro wani abu daga aljihu ya miƙo mini, ya ce wani ɗalibinsa ne ya samo masa a Kano, don na cikin babur ɗin haƙoransa sun cinye. Zobe ne na ƙarfe, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, haƙora a bayansa, zare irin na noti a cikinsa. Ana murɗa shi ne a jikin cibiyar wilin gaba, haƙoransa su kama wani ƙaramin giya, shi kuma ya juya wayar da ke hawa sama zuwa agogo.

Ya ce, "Garba, an ce hannunka da kyau. Ka taɓa ɗaura irin wannan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Amma uban yarinyar da nake so ne a tsaye a gabana, na kuma san ba don agogo kaɗai ya tsallake rumfar Baba Ɗanjuma ya zo tawa ba. Sai na ga kamar in na ce ban sani ba, auren ya tashi. Daga nan ɓarnar ta fara, tun ban taɓa sifana ba. Yanzu za ka shiga babban gareji, cikin injinan da ba ka taɓa gani ba, za a kuma yi maka irin wannan tambayar a gaban mutane. Ka ce, "Ban taɓa yi ba, a nuna mini." Za ka ji nauyin maganar a bakinka, wani ma zai yi maka dariya. Dariyar ba ta kwana. Ni da na guje mata, abin da na ɗauka a madadinta ya kwana mini shekara ashirin da shida.

Malam ya tafi makaranta da ƙafa, ya ce zai dawo bayan la'asar. Na ɗaga babur, na cire wili, na buɗe murfin birki. Tsohon zoben ya riga ya tsage, ina taɓa shi da kurfi ya rabu biyu ya faɗo, don haka ban ga ta inda yake kwancewa ba. Na ɗora sabon, na murɗa shi dama kamar yadda ake ɗaure kowane noti a duniya. Ya ƙi kamawa. Na sake, ya ƙi. Na danna da tafin hannu na murɗa, sai ya ɗan cije a karkace. A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce tsatsa ce, na ɗauko guduma da kurfi na shiga bugun haƙoransa ina kora shi dama. Ya tafi rabin zagaye da ƙyar, ya tafi wani rabin, sai kuma ya saki gaba ɗaya yana juyawa salo-salo. Da na zare shi, garin ƙarfe ya zubo mini a hannu.

Sai a lokacin na goge cibiyar na kai ta hasken rana na duba ragowar zaren. Kwanciyarsa ba irin ta sauran ba ce. Zaren hagu ne. Waɗanda suka ƙera babur ɗin sun yi shi haka ne da gangan, don juyawar wili ta riƙa ƙara ɗaure zoben maimakon ta kwance shi. Da na duba tun farko, da yatsa biyu sun isa su shigar da shi. Ni kuwa na cinye zaren cibiyar da babu irinta a Gaya, babu a Wudil.

Ka riƙe wannan, don shi ne duk abin da na sani a sana'ar nan. Abin da aka yi shi don ya shiga, da yatsu yake fara shiga. In ya ƙi, ba taurin kai yake yi maka ba, gaya maka yake akwai abin da ba ka gani ba. Ka ajiye sifana, ka goge, ka kai haske, ka duba. Allah ya ba ka ƙarfin damtse fiye da nawa, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a tare da kai. Rago ba ya cinye zare, mai ƙarfi ne yake cinyewa.

Ina tsugune ina zufa sai na ji takun Baba Ɗanjuma, zai wuce masallaci. Na yi maza na yafa tsumma a kan cibiyar. Ya tsaya ya dubi babur ɗin, ya ce, "Garba, wannan tsohon fa yana da halinsa. Ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Oga."

Ya ce, "To madalla," ya wuce.

Mutumin nan shi ya koya mini riƙon filaya. Da na ɗage tsumman, da zagi zai yi mini, ya ce jakin Gaya ma ya fi ni hankali, sannan ya zauna mu nemi mafita. Ya san mai injin yanka zare a Kano, da an kai cibiyar an cike ta an sake yanka mata zare, Malam ya yi sati guda yana hawa motar haya. Iyakar abin da zai faru ke nan. Amma na zaɓi in rufe. Na warware siririyar wayar tagulla daga wani ƙonannen koyil, na naɗe ta a inda zaren ya cinye, na kwaɓa gam mai haɗi biyu na shafe, na danna zoben a kai, na bar shi a rana ya bushe. Da na mayar da wili na juya shi, allura ta motsa. Har na ji ina yaba wa kaina dabara.

Malam ya dawo, ya zaga tasha sau ɗaya, ya tsaya yana murmushi. Ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka." Na ce amin, na karɓi addu'ar da ban cancanta ba.

Kuskure na farko na makanike ne, kowa yana yi, kai ma za ka yi. Na biyun ba na makanike ba ne, na maƙaryaci ne. In ka ɓata aiki, a cikin sa'ar nan ka nemi wanda ya fi ka ka nuna masa, tun ɓarnar tana ƙarama, tun tana kan benci ba ta hau titi ba. Ni mutum ɗaya na ɗora a kan gam da waya. Kai motocin da za ka riƙa kwanciya a ƙarƙashinsu mutum goma sha takwas suke ɗauka, da mata da goyo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai san sunanka, balle ya tambaye ka ko ya shiga.

Kwana tara aikin ya riƙe. Ranar kasuwar Ajingi, Malam ya wuce tsamiyar nan da ke gefen hanya kafin a shiga gari, zoben ya saki, ya faɗa tsakanin birki da cibiya, wilin gaba ya ƙame. Babur ya yi sama da shi ya maka shi da ƙasa. Cinyarsa ta dama ta karye gida biyu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke gajeriya. Ɗingishin da ka taso ka gan shi da shi, sandar da kake rige-rigen ɗauko masa, zaman da yake yi a kujera in ana salla a ƙarshen rayuwarsa, duk aikin hannuna ne.

Na san abin da kake cewa a ranka yanzu: to akuyar fa? Kowa a Balan ya san akuya ce ta gitta wa Malam. Kai ma da kana ƙarami, in ka ga jar akuya jifanta kake yi, kana cewa ita ta karya kakanka. Malam bai taɓa ambaton akuya ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce abin da Allah ya ƙaddara ne. Wani mai kayan gwari da ya zo wajen daga baya shi ya ce wataƙila akuya ce. Ni na cafe maganar. Da aka kawo babur rumfata a bayan a-kori-kura, mutane suka taru, na ce ai da gani akuya ce, ga yadda birki ya kama. Washegari na ce wani direba ya gan ta. Ni na ba ta launi ma, na ce ja ce. Da mutane suka watse na cire karyayyen zoben na jefa shi a kududdufin bayan tasha, na sa wa wilin sabon murfin birki, na toshe hanyar waya, na ce agogon ya mutu a faɗuwar. Na nemi wayar tagullar a ciki ban gan ta ba, na ce ta zube a hanya.

Ƙarya ba ta zama ita kaɗai, sai ta haihu. Ka kula da ranar da za ka ji bakinka yana ƙara wa labari gishiri ba wanda ya tambaye ka. In ka ji haka, ka tsaya ka tambayi kanka me kake rufewa.

Na je dubiya Balan. Yana kwance a kan tabarma, an ɗaure ƙafar da karare. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na kasa haɗa ido da shi, na kasa ƙarasa gaisuwar. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ka sha ruwa, Garba, ka sha rana." Bayan wata huɗu ya aika wa manyana cewa ya ba ni. A wajen ɗaurin aure yana zaune ya miƙe ƙafar a gabansa, don ba ta lanƙwasuwa. Kowa yana yi mini murna, ni kuwa ƙafar nake kallo.

Tun daga nan Malam bai ƙara iya taka kik ya tayar da babur ba. Sai na ɗauki aikin kai shi. Duk ranar kasuwar Ajingi in rufe rumfa, in je Balan in ɗauko shi a bayan baƙin babur ɗin, in jira ya gama karatu, in mayar da shi. Damina da rani ban fasa ba. Mutane suka shiga yabo, har iyaye suna yi wa surukansu gori da ni. Kowane yabo kamar an watsa mini ruwan batir yake. Amma na lallashi kaina cewa biya nake yi, in na kai shi sau ɗari, sau ɗari biyu, wata rana za mu yi daidai ba sai na buɗe baki ba. Kada ka yi wannan lissafin da kowa, ko da matar da za ka aura. Hidima tana da ladanta, amma ba ta zama a madadin "ni na yi, ka yafe mini." Wanda ka ɓata wa yana iya cin tuwonka shekara goma, yana jiran kalma shida.

Kana da shekara bakwai, wata ranar kasuwa da kaka, ana ta cirar gyaɗa a gonakin gefen hanya, muka iso tsamiyar nan. Ni dai kullum in mun zo wajen sai in ƙara wuta. Ran nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya nan, mu sha inuwa." Na tsaya, na taimaka masa ya sauka ya zauna a kan saiwa. Ya buɗe gafakarsa, ya zaro wata takarda a ninke da ta yi baƙi don tsufa, ya miƙo mini. Na buɗe. Wayar tagulla ce a naɗe, busasshen gam a jikinta.

Ya ce, "A nan na tsince ta, ina kwance, kafin mutane su iso. Murfin ya fashe, tana reto a jiki. Ni ba makanike ba ne, amma na san waɗanda suka ƙera babur ba su ɗaure shi da wayar rediyo ba."

Na zube a gabansa ina kuka kamar yaro, ina cewa, "Allah gafarta Malam, ni ne. Ni na cinye zaren, ni na rufe. Babu wata akuya."

Ya ce, "Na sani. Baiwar Allah, shekara tara tana ɗauke da laifinka." Har ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Duk ranar da muka zo wajen nan sai in ce yau Garba zai faɗa, sai in ji ka ƙara wuta. Na gaji da jira, kuma ban san kwana nawa suka rage mini ba."

Na ce, "To don me aka ba ni 'yarku, alhali an sani?"

Ya ce, "Na ga fuskarka ranar da ka zo dubiya. Wanda bai damu ba, da ya gaishe ni da kyau ya tashi. Kai kasa magana ka yi. Na ce wannan da sauransa. Amma kunya kaɗai ba ta isa ba, Garba, sai an faɗa. Ni na yafe maka tun ina kan tabarmar ɗori, duniya da lahira. Saura mutum biyu. Ka gaya wa Hajara, don 'yata ce, kuma matarka ce, bai kamata ta zauna da kai a kan labarin akuya ba. In takwarana ya girma, shi ma ka gaya masa. Ba don ka wulaƙanta ba. Na ga hannunsa irin naka ne. Kada ya gaji saurin bai gaji darasin ba."

Na ce to. Ka san ubanka da cewa to. Shekara takwas suka wuce, Malam ya koma ga Allah, ni na shiga kabari na karɓe shi, gajeriyar ƙafar nan ta bi ta hannuna, ban cika alkawari ko ɗaya ba. Sai bayan shekara guda da rasuwarsa na zaunar da Ummanku na faɗa mata. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ɗaga murya ba. Kwana goma sha ɗaya tana ajiye mini abinci ta juya, ko sannu babu. Ban taɓa jin tuwo ya yi mini ɗaci irin na kwanakin nan ba. A rana ta goma sha biyu ta kawo mini ruwan alwala, ta tsaya, ta ce, "Baban Bilki, tunda shi ya yafe, ni wace ce. Amma da ka faɗa yana da rai, da na je na ƙara riƙe masa ƙafar da sanin abin da ya haɗiye saboda ni. Wannan ka hana ni. Kada ka hana yaron nan nasa." Kowace shekara sai ta tuna mini, kowace shekara sai in ce bari ya ƙara hankali. Gaskiyar ita ce, ina ganin yadda kake kallona in ina aiki, kana ganin babu kamar ubanka a Gaya, na kasa rabuwa da kallon nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne satin da ya wuce. Kana ɗaura fulogi a babur ɗin mai kai madara, ina daga ciki ina jin ƙarar sifanarka. Na ji ta yi nauyi tun a zagaye na biyu. Na leƙo na ce, "Ya shiga?" Ka sa kafaɗa ka kare aikin, ka ce, "Ya shiga, Baba." Da muryata ka faɗa. Na san daga baya ka kwance ka gyara zaren bayan na tafi masallaci, na ga garin ƙarfen a ƙasa, na kuma ji daɗin da ba ka bar shi ya hau titi ba. Ka fi ni a nan. Amma amsar nan ta hana ni sukuni, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma laifina ne da na bar ka ba ka san inda gudun yake kaiwa ba.

Yanzu ka kwance ƙunshin. Sabon zobe ne, irin wancan. Na daɗe ina cigiyarsa wajen masu tsofaffin kayan babura a Kano kafin a samo. Ranar Litinin da na ce muku zan je gaisuwar rasuwa, cibiyar wilin na kai wa mai injin yanka zare, ya cike ta ya sake yanka mata. Wannan ma wata 'yar ƙaryar ce, Allah ya sa ita ce ta ƙarshe. Na mayar da cibiyar jikin wilin tun a daren, ba wanda ya lura. Zan iya ɗaura zoben yau kafin magariba, amma ba zan taɓa ba. Babur naka ne, kuma hannuna ya riga ya yi nasa a wajen.

Ga yadda za ka yi, in ka ga dama. Ka wanke zaren biyu da kananzir da tsohon burushi, ka kai haske ka ga kwanciyarsa da idonka, kada ka yarda da maganata. Ka ɗiga mai kaɗan. Ka ɗora zoben a daidai, kada ya karkata ko da kaurin farce. Ka fara juya shi dama a hankali, wato baya ke nan a wajensa, har ka ji ya yi ƙas, bakin zare ya faɗa bakin zare. Daga nan ka juya hagu, da yatsu kawai, zagaye uku cikakku. In ya yi nauyi kafin uku, ka fito da shi ka sake. In ya zauna, sannan ka ƙara masa ɗauri kaɗan, ka sa katako tsakaninsa da ƙarfe don kada haƙora su ji ciwo. Ka shafa giris a haƙoran, kada ya yi yawa ya taɓa birki. Ka mayar da wili, ka juya shi da hannu, ka kasa kunne. Kafin kowa ya hau, kai ka fara hawa.

Ban rubuto don in ce ka yafe mini ba, wannan ba a umartar ɗa da shi. Kakanka ya fi kowa sonka, kai ma ka fi kowa sonsa, kana da hakkin ka yi fushi. Ummanku ta yi kwana goma sha ɗaya, kai ka ɗauki iya abin da kake buƙata. In ka kira waya ka ce a ba Umma ba ka nemi ni ba, zan gane, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya zan faɗa, tunda takarda ba ta jin kunya: tun ranar da aka miƙo mini kai a cikin zani, ban taɓa samun abin da nake alfahari da shi kamarka ba, kuma rumfar nan za ta yi mini faɗi daga gobe.

Ka tsare sallarka a kan lokaci ko aiki ya kai wuya. Ka wanke hannu da kyau kafin ka ci abinci, baƙin mai ba ya barin ciki lafiya. Kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ko wa ya ce ka yi sauri. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a.

In Allah ya kai mu babbar salla ka zo gida, ka taho da zoben ko ka bar shi a can, zaɓi naka ne. Na san ni da kai ba za mu iya zama mu yi wannan maganar baki da baki ba, kuma ba sai mun yi ba. In na shigo zaure na tarar ka cire wilin gaba, zan wuce ciki kamar ban gani ba. In ka gama ka tayar da shi ka ce in hau baya, zan hau. Ka kai mu Ajingi, kada ka wuce arba'in. In mun zo tsamiya ka tsaya, mu yi wa Malam addu'a. Zan leƙa ta kafaɗarka in ga lambobin nan sun motsa daga inda na tsayar da su, wannan ya ishe ni amsa.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ƙafar da ya yi haƙuri da ita ta riga shi shiga aljanna. Allah ya tsare mini kai, ya tsare waɗanda za su hau abin da hannunka ya taɓa, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ummanku da Bilki suna gaishe ka. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba Makanike, Gaya